Sharhi: Crystal Reports wajen raba shafuka da tsara ƙananan rahotanni

Mai fitar da takardun kuɗin kwastomomi ko bayanan asusu na ƙarshen wata daga rumbun bayanai abu uku yake nema wurin manhajar rahoto: kowane kwastoma ya fara a sabon shafi, jimilla ta zauna tare da layukanta, firinta kuma kada ta riƙa fitar da farar takarda a banza. Crystal Reports, wadda ta koma hannun SAP a 2008 bayan ya sayi Business Objects, kamfanin da ke da ita, tana iya duka ukun. Inda take wahalarwa shi ne ikon raba shafi a warwatse yake wuri uku: akwai na sashe, akwai na rukuni, akwai na abin da aka ɗora cikin sashen. A ganina yawancin fararen shafukan da ake kuka da su daga cin karon waɗannan ukun suke fitowa.

A Section Expert, wato tagar saitin sassan rahoto, ake samun New Page Before da New Page After. Idan an haɗa bayanai rukuni-rukuni bisa lambar kwastoma, sai a kunna New Page After a sashen ƙasan rukunin. Amma idan aka sa alamar kawai aka tafi, bayan kwastoma na ƙarshe ma manhajar za ta buɗe sabon shafi, ya fito ba komai sai kan shafi da lamba. Maganinsa a danna maɓallin fomula da ke gefen zaɓin a rubuta Not OnLastRecord. Wanda ya fi son New Page Before a kan rukuni, Not OnFirstRecord zai rubuta, in ba haka ba shafin farko ya tafi a taken rahoto kaɗai. Wannan maɓallin fomula, da ke gefen kusan kowane zaɓi, shi ne abin da na fi yaba wa manhajar da shi, domin kusan duk wani sharaɗi da za a iya faɗa da baki ana iya rubuta shi a nan. A sashen ƙasan rukunin dai ake kunna Reset Page Number After, kowane kwastoma ya fara daga shafi na 1. Sai dai a sani, filin Page N of M yana tilasta a lissafa shafuka tun kafin a nuna na farko, don haka babban rahoto zai daɗe bai buɗe ba.

Keep Together na sashe, da Keep Group Together na rukuni, da Keep Object Together na abu, sunayensu sun yi kama, aikinsu ma kusan ɗaya: idan abin bai shiga sauran filin shafi ba, a tura shi gaba ɗaya shafi na gaba. Ga rukuni mai layi biyar wannan daidai ne. Ga mai layi ɗari biyu kuwa, za a bar rabin shafi fayau, a kuma yanka rukunin duk da haka tunda ba shafin da zai ɗauke shi. Shawarata a kunna ɗaya kawai, a matakin da ya fi ƙanƙanta, a gwada da kwastoman da ya fi kowa yawan layuka, ba da na farko a jeri ba.

Ƙaramin rahoto, wato rahoton da ake cusawa cikin wani, nan ne aikin yake. Amfaninsa a fili yake: takardar kuɗi guda ta nuna kayan da aka saya da kuɗin da aka biya, daga tebur biyu da idan aka haɗa su kai tsaye layuka za su ninka, jimilla ta kumbura. Ana ɗaure shi da babban rahoto ta Change Subreport Links, manhajar ta ƙirƙiri ma'aunin tacewa da kanta. Amma yana da iyakoki biyu da ya kamata a sani tun kafin a fara zane. Ba a sa ƙaramin rahoto cikin wani ƙaramin rahoto, hawa ɗaya ne kawai. Kuma ba shi da kan shafi ko ƙasan shafi nasa, saboda haka idan ya tsallaka shafi na biyu, sunayen ginshiƙai ba za su biyo shi ba. Dabarar da aka saba ita ce a rubuta fomula mai ƙima ɗaya tak, kamar WhileReadingRecords; 1, a yi rukuni a kanta cikin ƙaramin rahoton, a sa sunayen ginshiƙan a kan rukunin, a kunna Repeat Group Header On Each Page. Tana aiki sarai, ko da yake abin da ake buƙata kullum bai kamata ya zama sai da dabara ba.

Kada a jera ƙananan rahotanni biyu, ɗaya bisa ɗaya, a sashe guda. Na sama zai miƙe saboda Can Grow, zaɓin da ke barin abu ya ƙara tsawo, ya hau kan na ƙasa, rubutu ya cakuɗe. A danna Insert Section Below a ba kowanne sashensa. Idan kuma wani kwastoma ba shi da bayani a ciki, sai an rufe ƙofa uku kafin gibin ya ɓace: a ɓoye sassan ƙaramin rahoton da ba su da komai, a kunna Suppress Blank Subreport a kansa, sannan Suppress Blank Section a sashen da ke ɗauke da shi. Aka manta ɗaya, gibin na nan.

Dawo da jimilla daga ƙaramin rahoto zuwa babba da Shared NumberVar ake yi, wato ma'ajin lamba da rahotannin biyu ke tarayya a kansa, tare da WhilePrintingRecords. Ƙimar ba ta samuwa sai a sashen da ke bayan wanda ƙaramin rahoton yake, kuma idan aka ɓoye sashensa da Suppress ba zai gudana ba sam, a sami sifili. Abin da ya fi haɗari shi ne rashin mayar da ƙimar sifili a kan kowane rukuni: kwastoman da bai biya komai ba zai gaji jimillar wanda ya gabace shi, lambar ta fito tsaf kamar gaskiya, ba wani gargaɗi.

Batun sauri kuma lissafi ne mai sauƙi. Ƙaramin rahoton da ke sashen Details, wanda ke maimaituwa a kowane layin bayani, yana aika tambayarsa ga rumbun bayanai a kowane layi, layi 2,000 tambaya 2,000. Inda za a iya tattara bayanin da umarnin SQL guda ko a matsar da shi ƙasan rukuni, hakan ya fi. Wanda za a duba a allo kawai, a mai da shi On-demand, ba zai gudana ba sai an danna shi.

A kula da faɗi. Takardar A4 santimita 21 ce, idan an bar 1.5 kowane gefe saura 18, kuma abin da ya zarce haka yankewa zai yi. Rahoton da aka zana da direban wata firinta yana iya sauya inda shafi ke karewa a wata kwamfutar, shi ya sa nake zaɓar No Printer a Page Setup ga duk abin da PDF zai zama. Fitarwa zuwa Excel kuwa raunin manhajar ne idan akwai ƙananan rahotanni, ginshiƙai sukan goce, sai dai a yi amfani da tsarin Data Only ko a zana wani rahoton daban saboda shi.

Ga takardun da za a buga ko a aika a PDF, inda wurin zaman kowane layi ke da muhimmanci, ina ba da shawarar Crystal Reports. Wanda bayanansa ke da hawa uku ko huɗu masu buƙatar rahoto cikin rahoto, gara ya duba SQL Server Reporting Services na Microsoft, wadda ta yarda da hakan, ko da yake ita ma ba ta nuna kan shafin ƙaramin rahoto.