Wata huɗu ina amfani da tiyon ɗigo-ɗigo a lambun cikin gari

Fangali biyu gare ni a wani lambu da ke tsakiyar gari, inda ake yanka wa waɗanda ba su da tsakar gida ɗan fili su yi shuka. Ruwa ne ciwon kanmu. Famfo ɗaya ne, da yamma kowa na riƙe da bokiti yana jiran layi. Da masu kula da lambun suka kawo kayan ban ruwa na ɗigo-ɗigo, ban yi wata-wata ba na sayi saiti ɗaya.

Kayan ba su da yawa: bokiti mai cin lita 20, tiyo biyu masu tsawon mita 15, da ƴar matatar ruwa. Kowace tazarar santimita 30 akwai bakin da ruwa ke ɗiga. Ana ɗora bokitin a kan abu mai tsayin mita ɗaya, nauyin ruwan ne ke tura shi, ba wuta ba inji. Cikin awa ɗaya na gama haɗawa.

Abin da ya fi faranta min rai tumatir ne. A da, rabin ƴaƴan sai gindinsu ya yi baƙi ya lotsa tun ba su nuna ba, ina ta zargin iri. Ashe laifina ne: yau in malala ruwa, gobe in bar ƙasa ta bushe ƙamas, sai sinadarin kalsiyam ya kasa isa ga ƴaƴan. Yanzu da danshin ya daidaita, da ƙyar nake tsintar ɗaya mai wannan tabo. Ganye ma ba ya jiƙewa, ciyawa kuma ta ragu, don tsakanin layuka a bushe yake. In ka tura yatsa a gindin shuka da rana tsaka, sama ƙura, ƙasa sanyi.

Amma a sati na shida na ga latas ɗin ƙarshen layi ya yi laushi. Na duba, baki bakwai sun toshe. Haushi ya sa na yanka ɗaya da reza, sai na ga ashe ba huda ba ce kawai, wata siririyar hanya ce mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke rage wa ruwa gudu. Wannan ita ce dabarar da injiniya Simcha Blass ya fito da ita a Isra'ila, aka fara sayar da ita a shekarun 1960, don ƙananan huda sun cika toshewa. Sai dai ko ita ba ta jure gansakuka. Bokitin da aka ba mu fari ne, rana na ratsa shi, ruwan ya yi kore, matatar kuma ramukanta sun yi faɗi. Nan kam masu haɗa kayan sun gaza, kuma takardar bayanin ko ambatar wankewa ba ta yi ba.

Na shafa wa bokitin baƙin fenti, na yi masa murfi, na ɗaura tsumma mai laushi a bakinsa. Duk sati nakan buɗe ƙarshen tiyon in bar ruwa ya wanke laka. Tun daga nan baki ɗaya ne ya sake toshewa.

Maƙwabciyar fangalina ta tambaye ni ko ta saya. Na ce ta saya, amma ta biya ta sayi fenti tun a hanya.