Kafin ka jona wa wakilin AI ɗinka wata saba, fara karanta bayanin kayan aikinta

Jama'a masu haɗa wakilan AI, ina nufin irin su Claude ko ChatGPT da ake ba dama su taɓa imel da kalanda da rumbun bayanai da kansu, akwai abin da ake tsallakewa wajen zaɓen saba, wato manhajar da ke ba wakilin kayan aikin da zai taɓa waɗannan abubuwa da su. Tunda Anthropic, kamfanin Claude, ta fito da MCP, wato ƙa'idar da ake bi wajen jona AI da saba, a Nuwamban 2024, OpenAI mai ChatGPT ma ta karɓe shi a Maris ɗin 2025, saba ta yi yawa a GitHub, dandalin da ake ajiye kod ana rabawa, aiki ɗaya sai ka tarar da su barkatai kowa na cewa tasa ta fi, mutum kuma sai ya kalli yawan taurarin yabo da aka ba ta kawai ya sauke. Toh ai AI ɗin ba ya ganin taurari, ko kod ɗin ma ba ya gani. Abu uku ake miƙa masa: sunan kayan aikin, bayaninsa, da jerin guraben da zai cika waɗanda ake tsarawa da JSON Schema, wato tsarin faɗin irin abin da kowane gurbi ke karɓa. Da wannan ɗan rubutun yake yanke shawarar wanne zai kira da abin da zai zuba a ciki, kamar dai sabon ma'aikaci da aka bar wa takarda a kan tebur aka fita ba wanda zai tambaya.

Saba iri uku za ka fi haɗuwa da su. Akwai wadda kamfanin da ya mallaki manhajar ya rubuta da kansa, misali GitHub na da tasa. Akwai wadda aka juyo kai tsaye daga takardar OpenAPI, wato jerin hanyoyin da wasu manhajoji ke magana da manhajar, ba tare da hannun mutum ya gyara ba. Sai ta masu sa kai.

Ta biyun nan ita ce ta fi ruɗar mutane, don za ka ga kayan aiki rututu ka ɗauka ka tsinci dami a kala. Amma bayanan nata an rubuta su ne don injiniyan da ke da sauran littafin a gabansa, layi ɗaya ne wai "yana dawo da jerin abubuwa", wane jeri? guda nawa? in sun yi yawa ya za a yi? shiru. Kuma duk bayanan nan ana loda su ne cikin abin da AI ɗin ke karantawa, su cinye tokin, wato gutsuren rubutun da ake cajin kuɗi a kansu, tun kafin ka ce komai, ga kuɗi na tafiya ga shi yana rikicewa tsakanin kayan aiki biyu masu kusan suna ɗaya. OpenAI kanta shawarar da take bayarwa ita ce a yi ƙoƙari kar su kai 20 a lokaci guda. Ni kam in na ga saba mai ɗaruruwa ba hanyar kashe wasu, na wuce.

Ta kamfani yawanci ta fi aminci, sai dai ba dole ba ne bayaninta ya yi kyau, wasu ma juyowar ce aka manna mata tambari. Ta masu sa kai kuwa wani lokaci ita ce ta fi kowa iya bayani saboda mai ita yana amfani da ita kullum ya san inda AI ke tuntuɓe, matsalarta amana ce, zan zo kanta.

In ka buɗe bayanin, abu na farko da za ka nema shi ne ko ya faɗi yaushe ake amfani da kayan aikin da kuma yaushe ba a yi. Wannan na biyun shi ake yawan mantawa, kuma shi ne ke hana wakili neman fayil da kayan neman saƙo. Sannan guraben cikawa: in an ce kwanan wata, da wane tsari? in an ce mai amfani, sunansa ake so ko imel ko lambarsa? In ba a faɗa ba AI ba zai tsaya ba fa, zai ƙirƙiro nasa ne ya tura. Duba kuma ko ya faɗi abin da zai dawo da shi, da ko aikin na goge wani abu ko tura saƙo ko cire kuɗi. MCP na da alamomi irin su readOnlyHint da destructiveHint don haka, amma mai sabar ne ke saka su da hannunsa, kar ka ɗauke su shaida. Maganar tsawo, Anthropic na cewa aƙalla jimla 3 zuwa 4 ga kowane kayan aiki, ba wai a cika shi da kirarin talla ba.

Wajen aunawa, MCP Inspector, manhajar gwajin saba, zai baje maka duk bayanan ka karanta da idonka, kyauta ne, fara da nan. Wasu na ba wani AI ɗin ya saka maki, yana da sauri in sabobin da yawa, amma yakan fifita dogon rubutu mai tsari ko da ba shi ne ya fi aiki ba. Wanda na fi yarda da shi, ka rubuta ayyuka irin waɗanda za ka sa shi da gaske, har da masu harshen damo, ka ba kowace saba iri ɗaya da AI iri ɗaya, ka ƙirga sau nawa ya ɗauki kayan da ya dace, sau nawa ya cika gurbi ba daidai ba. Ka kuma jawo kuskure da gangan ka ga saƙon da zai fito, in lamba ce kawai ta dawo ba bayani wakilin zai ta maimaita abu ɗaya ne har tokin ɗinka ya ƙare.

Maganar amanar nan. A Afrilun 2025 masu binciken tsaro na Invariant Labs suka nuna yadda ake cusa umarni a cikin bayanin kayan aiki, mai amfani ba ya gani a fuskar manhajarsa amma AI na karantawa ya bi, har ya iya kwaso fayilolin sirri ya tura waje. Saboda haka in ka ga bayani na cewa a karanta wani fayil da bai shafi aikin ba, ko kar a sanar da mai amfani, ajiye ta kawai. Kuma mai saba na iya canza bayanin bayan ka riga ka amince, don haka tsaya a kan sigar da ka duba, duk sabuntawar da ta zo ka sake karantawa kafin ka ɗora.