Lambu da salwa a Birmingham: wasiƙa zuwa ga Yaya a Kawo

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Kawo gaba ɗaya. Yaya ƙafar Inna? A ce mata man shafawar yana nan tafe ƙarshen wata.

Na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce tunda ritaya ta zo, za ka gyara kangon nan na bayan gida ka yi ɗan lambu, ka zuba salwa a gefe, in kuma duba maka iri da injin ƙyanƙyasa na Turai. To Yaya, shekara huɗu ke nan ina wannan wahalar da kai a nan, bari in faɗa maka abin da idona ya gani kafin mu zuba fam a kan abin da ba zai yi maka rana ba.

Fili ma a nan haya ake yi. Ƙaramar hukuma tana da lambuna da aka yanka gida-gida, suna ce musu alotmen, cikakke ɗaya murabba'in mita 250. Suna za ka rubuta ka shiga layi. Ni sai da na shekara biyu kafin a kira ni, rabi aka ba ni, da mabuɗin ƙofa da takardar sharuɗɗa. In ka bari ciyawa ta ci wurin, wasiƙa za ka gani. Kai kuwa ga fili a bayan ɗakinka, ba abin da yake yi sai tonon kaji.

Wajen kaya, gaskiya a faɗe ta, sun fi mu. Kowane iri yana cikin 'yar takardarsa, an rubuta watan shuka, zurfin rami, tazarar da za a bari, da shekarar da zai daina tsira. Abin da aka zana a jiki shi ne zai fito. Ka tuna irin tumatirin da Baba ya taɓa sayowa a ƙulle a leda, aka ce ɗan waje ne, rabinsa ya ƙi tsira, sauran ya yi 'ya'ya kamar gauta? Irin wannan cacar ba a yin ta a nan. Sai dai komai da kuɗinsa, har ƙasa. Wallahi Yaya ƙasa ake sayarwa a buhu, lita 50, in ɗauko a mota in kawo gida. Duk ranar da na biya sai na tuna takin shanun da ke jibge a Zango, Tudun Wada, wanda yaro zai turo maka a baro har ƙofar gida.

Amma irin nan ba zan aiko maka ba, kuma ba rowa ba ce. An gyara shi ne don ƙasar sanyi mai dogon yini. Albasarsu, alal misali, ba ta yin kai sai yini ya kai awa 14 zuwa 16, ku kuwa yininku bai taɓa kai 13 ba, ganye kawai za ka yi ta ban ruwa. Ka hau mota ka je Zariya, masu binciken noma na Samaru da kamfanonin irin da ke garin sun fi ni sanin abin da ƙasarka ke so.

Shekarar farko na sha kunya. Cikin Afrilu rana ta fito kwana uku a jere, na kwashi dashen tumatir da kuɓewa na kai fili. Wani dattijo ɗan Jamaika da ke maƙwabtaka da ni ya tsaya ya dube ni, ya ce in mayar da su ɗaki sai ƙarshen Mayu. Na ce a raina, ni jikan manomi za a koya wa shuka? Dare na biyar raɓa ta daskare. Da safe na tarar duk sun yi baƙi sun kwanta, kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Dattijon bai ce mini uffan ba, sai ya miƙo mini dashe shida daga nasa.

Yanzu na iya. Attaruhu tun Fabrairu nake shuka shi a bakin taga da fitila a kansa, tumatir a Maris, maman yara tana ta mita cewa na mai da falo gona. Ƙarshen Mayu a fitar da su, Agusta da Satumba a ci, Oktoba sanyi ya rufe kasuwa. Alayyafo yana yi sosai. Kabewa da dankalin Turawa har kyauta nake yi da su, tafarnuwa kuma a kaka ake binne ta, ta ci sanyinta a ƙasa. Yakuwa tana ba da ganye, amma zoɓo sai dai a ji a salansa, domin ba ta fure sai yini ya gajarta, lokacin kuwa sanyi ya riga ya iso. Kuɓewa sai a ɗakin gilashi. Bara gindi shida na raina kamar jarirai, guda goma sha ɗaya na tsinka, miya ɗaya aka yi. Ga kuma wata katantanwa marar ƙwanso da ke fitowa da dare ta share layin latas kafin asuba.

Kai fa? Daga Mayu zuwa Oktoba sama ce za ta yi maka ban ruwa, ka zuba kuɓewa da rama da alayyafo da 'yar masara. Ruwa na ɗaukewa, hunturu ya shigo, lokacin tumatir da latas da kabeji da karas da albasa ke nan, kamar yadda masu lambun bakin Kogin Kaduna ke yi. Maris da Afrilu ne kawai za su gwada ka, in rijiya ta ja baya. Kuma ka sa ido a kan ƙwaron nan mai shiga cikin ganyen tumatir, wanda ya yi ɓarna a 2016 har kwando ya gagari mutane a Bakin Dogo.

Sai maganar salwa. Wadda nake kiwo a nan 'yar Japan ce, ita ce dai wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ta shigo da ita Najeriya tun 1992, har aka zo aka yi yayin nan da ake cewa ƙwanta maganin kowace cuta ne. Ƙwai ne mai daɗi, iyakarsa ke nan. Nawa a bayan gida suke, don dokar 1950 da ta ba masu fili damar kiwo kaji da zomaye ta ambata, ba ta san da salwa ba. Ƙwan ƙyanƙyasa ta gidan waya ya zo mini, kowanne a raminsa cikin soso, goma sha biyu, bakwai suka ƙyanƙyashe a kwana na 17 da na 18. Sati bakwai bayan nan na tsinci ƙwan farko.

Injin yana riƙe zafi a digiri 37.5 dare da rana, wuta ba ta ƙiftawa, sai dai in takardar kuɗinta ta zo ka riƙe baki. A nan ne nake jin tsoron aiko maka da shi. Salwar gida ba ta kwanci, injin ne uwarta, in kuwa aka ɗauke wuta tun magariba har wayewar gari cikin sanyin Janairu, ƙwan ya tafi. Gara ka fara da 'yan sati uku ko huɗu daga wurin masu kiwo, namiji ɗaya ga mata huɗu ko biyar. In abin ya karɓe ka, sai mu nemi injin da ke aiki da batir da sola.

Abu biyu da na koya da asara. 'Yan tsakin ba su fi babban yatsa ba, biyu suka nutse mini a murfin ruwan da bai kai zurfin gaɓa ɗaya ba, sai ka zuba tsakuwa a ciki. Sannan in suka firgita sama suke tashi tsaye, su fasa kai a rufin keji, don haka ko rufin ya yi ƙasa sosai ko ka shimfiɗa masa buhu ta ciki. Raga kuma mai ƙananan ido, ni saboda dila da ɓera, kai saboda ɓera da muzuru da maciji.

Cikin Nuwamba na farko suka daina ƙwai ɗif. Hankalina ya tashi, na sa ɗaya a kwali na kai asibitin dabbobi. Sai da aka ba ni rana da lokaci, aka rubuta ta a kwamfuta, har aka tambaye ni sunanta. Likita ta duba ta ce lafiyarta ƙalau, haske ne babu: salwa tana son awa 14 ko fiye, a nan kuwa yinin Disamba bai cika awa takwas ba. Kuɗin ganin likitar ya fi kuɗin tsuntsayen duka. Kai ƙwan fitilar sola ɗaya na awa biyu bayan magariba ya ishe ka.

Abincinsu buhun kilo 20 ne, an rubuta abin da ke ciki, kuma na bana da na bara ɗaya ne. Kai ka sayi naka a ɗinke daga kamfani, kada ka yarda da na awo a mudu, don ba ka san yawan dusar da aka ƙara ba. Magani irin su antibayotik ba a sayar maka a nan sai da takardar likita. Da farko na ga takura ce, amma in na tuna yadda muke ɗura wa kaji duk abin da mai shago ya miƙo, sai in yi shiru. Tun Oktoban 2024 ko tsuntsu ɗaya kake kiwo a waje sai ka yi rajista da hukuma saboda murar tsuntsaye. Yanka irin namu kuma sai a mayanka mai lasisi, shi ya sa ni ƙwai kawai nake ci, mazan sun zama 'yan zaman kashe wando. In na yi lissafi, ƙwan kanti ya fi nawa araha. Kai ne za ka iya cin riba, ga masu shayi ga masu gashi.

Abin da zan sako maka a jakar man shafawar Inna: ma'aunin zafi, 'yan kofunan ruwa masu cika kansu, da almakashin da ake yanke kan ƙwan da shi. Ka sa yara su auna mini tsawo da faɗin kangon da taku, ka kuma faɗa mini guga nawa rijiyar ke bayarwa a Afrilu. In mai dawowa yana da wuri a kaya, busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa, don Allah.

A gaida Inna da Anti da yara.

Ƙaninka.