Fayil ko MySQL: ina Postfix zai duba adireshin da aka toshe?

A ofishinmu da ke Gusau, ranar da wuta ta ɗauke MySQL, rumbun bayanan da muke ajiye jerin adireshin da aka toshe, bai tashi tare da sabar ba, Postfix, manhajar da ke karɓa da aika imel, ya wuni yana amsa wa masu aiko wasiƙa da 451, wato a sake gwadawa an jima. Wasiƙa ba ta ɓata ba, amma oga ya yi ta kira.

Da jerin yana cikin fayil na hash, wanda Postfix ke dubawa da kansa ba tare da MySQL ba, da hakan bai faru ba. Matsalar fayil guda ce: ka gyara, ka manta ba ka buga postmap ba (umarnin da ke mayar da fayil ɗin zuwa sigar da Postfix ke karantawa), sai sabar ta ci gaba da aiki da tsohon jeri.

MySQL kuwa canji nan take ne, sai dai hanyoyin lalacewarsa da yawa. Wadda ta fi cin lokaci: postmap -q, umarnin gwada neman adireshi a jerin, ya ba ka amsa daidai, sabar ta ƙi. Galibi chroot ne, wato an killace Postfix cikin wata folda, ba ya ganin abin da ke wajenta. Ka rubuta localhost a matsayin adireshin MySQL, sabar kuma ba ta ganin soket ɗin, wato fayil ɗin da ake bi a haɗu da MySQL. Mayar da shi 127.0.0.1, wanda ba ya bi ta soket, sannan ka duba kalmar sirrin MySQL.

Ni dai jerin da ba ya canjawa kullum, fayil nake ba shi.