Cokula shida da dala saba'in: saƙo daga Liyon zuwa Garwa

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ya kuke ji da zafin Garwa? A gaida Inna, a ce mata man zafin da ta nema yana hanya.

Na ji saƙonki kan ƙaramar kwamfutar hannu da kike so in sayo wa autanki don ya koyi lissafi. Kafin in taɓa kuɗin, bari in ba ki labarin abin da na gani a nan, sai ki yanke.

A Faransa tun 2019 doka ta wajabta a fara ba yaro ilimi daga shekara 3. Makarantar gwamnati kyauta ce, abincin rana kawai ake biya, shi ma gwargwadon samun iyaye. Aji uku ne kafin firamare, kuma malama tana da mataimakiya mai kula da wanke hannu da barcin rana. Ni da na yi SIL, wato ajin farko na firamare a wurinmu Kamaru, mu huɗu a benci ɗaya, kowa rungume da allonsa da guntun alli, ranar farko da na leƙa ajin 'yata sai da na riƙe baki. Duwatsun ado, ƙananan sanduna masu launi, ma'auni, ƙullayen katako, komai a cikin akwatinsa. Amma kwamfuta ban ga yaro ko ɗaya riƙe da ita ba.

Wata safiya aka gayyaci iyaye mu zauna a bayan aji. Malama ta jera 'yan tsana shida a tebur, ta ajiye kwandon cokula can ƙarshen ɗaki, ta ce wa 'yata ta je ta ɗebo wa kowa cokali ɗaya, kada ya ragu, kada ya yi saura, kuma tafiya ɗaya tak. Yarinya ta sheƙa ta ɗebo cike da hannu, ta raba, uku suka yi saura. Malama ta kwashe ta mayar. Ta koma, ta kawo huɗu. Wallahi Yaya, bakina ƙaiƙayi yake yi in ce mata "ke, shida!" Malamar kuwa ko a jikinta. A karo na uku sai yarinyar ta tsaya, ta taɓa kan kowace 'yar tsana tana motsa leɓe, ta ɗaga yatsu biyar da ɗaya, ta tafi da hannun a sama kamar mai tsoron kada lissafin ya zube a hanya. Da ta dawo daidai, malama ba ta tafa mata ba. Tambayarta ta yi: yaya aka yi kika sani? Nan aka fi daɗewa, yarinya tana in'ina tana bayani, sauran yara suna cewa su ga yadda za su yi.

Haka suke tafiya, a hankali har sai ka ƙosa. Sati guda suna kan bakwai: biyar da biyu ne, huɗu da uku ne, goma ne ba uku. Mu da muka rera jadawali da bulala a kanmu, abin ya yi mana sanyi da yawa.

Kayan wasan a kanti kuwa akwai tsada. Akwatin sandunan ƙirga na gani Yuro 25, Yuro ɗaya kuma sefa 656 ne, kin ga ya haura jaka goma sha shida, wato sefa dubu goma sha shida, kan itacen da kafintan unguwarmu zai yanka miki da ragowar katako. Abin da ya burge ni shi ne ɗakin aron kayan wasa, irin laburare, ki ɗauka ki kai gida ki mayar. Wannan kam da muna da shi a Garwa da an more.

Sai dai akwai abin da yaran nan suka rasa. Ba sa ganin kuɗi. Kati nake dangwalawa ko a gidan burodi, har 'yata ta ɗauka katin ne ke haihuwar kaya. Ki tuna mu kuma. Inna ta ba ki dala ɗari, ki sayo ƙosan dala talatin, ki dawo da dala saba'in cif, in ba haka ba ki sha faɗa. Da safe a aji kuɗin nan ya koma sefa 500 da 150 da 350, tunda dala ɗaya sefa biyar ce, kina ninkawa da biyar a ka ba tare da kin san sunan abin da kike yi ba. Ga dara da tsofaffi ke bugawa a gindin dalbejiya, mutum yana hango tafiya uku gaba kafin ya ɗaga tsinke. Ga carafke. Kuma ƙirgarmu ta fi tasu sauƙi: mu mu ce tamanin mu wuce, Bafaranshe sai ya ce ashirin huɗu, casa'in da bakwai kuma ashirin huɗu da goma sha bakwai. Maƙwabciyata ta ce ɗanta da ke firamare a nan yake tuntuɓe kullum, shi ya sa a gida nake ƙirga wa tawa da Hausa.

Abin da ban taɓa ji a gidanmu ba shi ne babba ya tambayi yaro yadda ya yi. In canji ya cika, shiru. In bai cika ba, dundu.

Saboda haka ga shawarata. Kwamfutar ki bar ta tukuna, ga ɗauke wuta, ga ƙura, kuma sati biyu zai mayar da ita gidan kallon majigi. Zan aiko da sandunan ƙirga na hannu da na samu a kasuwar gwanjo, ki ba kafinta ya kwaikwaya wa 'ya'yan maƙwabta. Kafin su iso, ki tara masa marafen kwalba. In za a ci tuwo, ki aike shi ya ɗebo kofuna daidai mutanen gida, tafiya ɗaya, kuma ki danne zuciyarki kada ki faɗa masa adadin. Ni ma har yanzu nan nake faɗuwa.

In mai zuwa ya samu, a haɗo mini da daddawa da kuka, da 'yan sulallan dala biyar da dala goma kamar guda ashirin. Shago nake so mu buɗe da 'yata a falo.