Kwamfozit mai ruwa-ruwa a cikon turamen haƙora: yana rage lokaci, ba ya rufa wa ganganci asiri

Bayan an jima ana aiki da kwamfozit (farin abin cike haƙori da ake daskararwa da haske) mai ruwa-ruwa, irin wanda ake zubawa milimita 4 a tashi ɗaya, hukuncina shi ne ya cancanci zama a tiren aiki, amma a matsayin shimfiɗar ƙasa kawai.

Inda ya fi burgewa shi ne kogon da ya ci gefen turmi, tsakaninsa da maƙwabcinsa. Kwamfozit na gargajiya yana tsukewa da kusan kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari idan ya daskare, shi ya sa ake jera shi hawa-hawa, kowane hawa bai wuce milimita 2 ba, a karkace, don kada ya ja bango biyu lokaci guda. A ƙasan kogo mai zurfi wannan aikin akwai cin rai: kayan na manne wa ƙarfen dannawa, ka ɗago ya biyo ka, iska ta maƙale a kusurwa. Mai ruwa-ruwan kuwa, ka kafa bakin allurar a can ƙasa, ka matsa a hankali kana janyewa ba tare da bakin ya fito daga cikin kayan ba, cikin daƙiƙu kaɗan ya baje da kansa ya cike lungu. A hoton eksire za ka ga layin ƙasa a haɗe, babu ɗigon baƙi.

Sai dai fa ba ya jure tauna. Dole a bar milimita 2 a sama, a rufe da kwamfozit mai kauri, a gina tudun turmin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya cika kogon da shi har baki, zai tarar saman ya lotse ya cinye.

Yawancin cikon da ke lalacewa da wuri, daga bakin da ke kusa da dasashi matsalar ke farawa, kuma ba laifin kayan ba ne. Ɗigon yawu ko jini bayan an shafa gam ɗin da ke manna cikon da haƙori ya isa ya hana mannewa, don haka shingen roba da ake killace haƙorin da shi ba kwalliya ba ne. Asid na fosforik mai kashi 37, wanda ake shafawa kafin gam, ya zauna a kan inamel (farin ɓawon haƙori) daƙiƙa 15 zuwa 30, a dantin (sashen da ke ƙarƙashin inamel) kada ya haura 15, kuma kada a busar da dantin ya yi ƙarau, nan ne tsamin haƙori bayan aiki ke samo asali. Sai fitilar da ake daskarar da kwamfozit da ita. Ƙasan kogon na iya nisan milimita 6 ko fiye daga bakinta, haske kuma na raguwa da nisa. A ɗora ta daf da haƙorin, a miƙe, daƙiƙa 20 in ƙarfinta ya kai miliwat 1000 a kowace murabba'in santimita, a ƙara haskawa ta ɓangaren kunci da na harshe bayan an cire ɗamarar ƙarfen da ake tare gefen kogon da ita lokacin ciko. Fitilar da busasshen gam ya toshe wa baki (ana yawan mantawa da duba wannan) sama kawai take daskararwa, ƙasa na nan danye.

Abu biyu ban ji daɗinsu ba. Mai ruwa-ruwan ba ya tura ɗamarar ƙarfe yadda amalgam (cikon ƙarfe mai launin azurfa) ke yi, saboda haka in ba a sa guntuwar ɗamara mai lanƙwasa da weji (ɗan tsinken da ake cusawa tsakanin haƙora) da zoben raba haƙora ba, za a bar kafa, zaren nama ya riƙa cushewa. Kuma garau yake, haske na ratsa shi, don haka a kan dantin da tsohon amalgam ya rina sai ya fito toka-toka. A nan sai an fara shafa siririn hawa mai rufe launi kafin a zuba shi.