Keken burji a hanyoyin gonakin Kagoro: inda ya yi rawar gani da inda ya gaza

Duk wanda ya ga keken nan tambayarsa ɗaya ce: na tsere ne? Kansa a lanƙwashe yake zuwa ƙasa irin na 'yan tsere, amma tayarsa ta fi tasu kauri, tana da ƙananan haƙora, birkinsa kuma na faifai ne irin na babur. An ƙera shi ne don inda kwalta ta ƙare, wato hanyar burji da ta gona. A hanyoyin karkarar Amurka aka fara yayinsa, inda tun 2006 ake wata tseren mil 200 a garin Emporia na jihar Kansas. A 2019 kamfanin Shimano ya fito da giya da birki na musamman dominsa mai suna GRX, a 2022 kuma aka yi gasarsa ta duniya ta farko a Italiya. Mu nan Kaduna ta hannun 'yan gwanjo yake iso mana, jefi-jefi, a cikin tarin kekunan yara da na hawan dutse.

Nawa ma na gwanjo ne. Jikinsa na alminiyom, nauyinsa bai fi kilo 11 ba, giyar gaba ɗaya ce mai haƙora 40, ta baya kuma daga 11 zuwa 42, faɗin taya milimita 40. Kuɗin da na biya zai iya sayen tsohon babur, abin da mai ɗakina ba ta gaji da tuna mini ba. Na fara sabawa da shi ne a hanyoyin fadamar da ke bayan Malali da Rafin Guza, wajen masu lambu a bakin kogin Kaduna, amma can ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kowane keke ma zai iya. Sai da na cire tayar gaba na cusa shi a bayan mota, na bi ta Kachia da Zonkwa zuwa Kagoro, sannan na san abin da na saya.

Hanyoyin da ke kewaye da gindin duwatsun Kagoro su ne asalin wurinsa. Jar ƙasa ce mai tsakuwa, ta hau ta sauka, ta ratsa gonakin citta da acca, ta shige inuwar ɗorawa da mangwaro, ta ɓulla a kan wani fako. Mota ba ta shiga yawancinsu. Abin da za ka haɗu da shi bai wuce babur ɗauke da buhuna ba, ko mata da itace a kafaɗa, ko garken shanu idan ka faɗa burtali. A irin wannan hanya keken yana tafiya ne ba tare da ya wahalar da kai ba. Idan na rage iskar taya zuwa wajen 35 a ma'aunin famfo, tsakuwar ba ta jijjiga ni sosai, tayar tana kama ƙasa a kwana, kuma da an fito shimfiɗaɗɗen burji sai ya miƙe da gudun da keken hawan dutse ba zai yi ba. Kan nan mai lanƙwasa da nake yi wa kallon kwalliya ya yi mini rana, domin wurin riƙo uku gare shi, hannu ba ya sagewa a doguwar tafiya. A hawa kuwa, giya mafi sauƙi (40 a gaba, 42 a baya) tana sa taya ta juya ƙasa da sau ɗaya a kowane zagayen feda, don haka tudun da mai keken Phoenix zai sauka ya tura, kai kana zaune kana haurawa a hankali, kana haki dai amma kana tafiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne tayar da ba ta da tub a ciki. Wani farin ruwa mai danƙo ake zubawa a madadinsa, idan ƙaya ta huda taya sai ruwan ya biyo iska ya toshe ramin. A wata gangara kusa da Madakiya, a hanyar zuwa ruwan Matsirga, na ji tsss a tayar gaba, na ga ɗigon fari yana fesowa a ƙafata. Ban tsaya ba. Kafin taya ta yi 'yan zagaye ƙarar ta ɗauke. Da na isa bakin ruwan, inda yake zubowa daga tsayin kusan mita 30, na duƙa na duba, sai ga kan ƙaya a lume cikin roba, kewaye da ɗan busasshen danƙo. Na bar ta a wurin. Wanda ya san yadda tsidau ke yi wa tayar keke a ƙasar nan ya san darajar wannan.

Sai dai ruwan nan ba ya jure yanayinmu. Zafi da bushewar hunturu suna ƙafar da shi cikin 'yan watanni, ya dunƙule a cikin taya, kuma ba ka sanin ya ƙare sai ranar da ƙaya ta same ka. Ba kuma abin da za ka shiga kasuwa ka tsinta a kowane shago ba ne, ni daga Abuja ake turo mini. Shi ya sa kullum akwai tub biyu a jakar da ke ƙarƙashin sirdina.

Nan ne ma babbar matsalar keken take, wato kayan gyara. Bakin da ake ba wa tayarsa iska siriri ne, mai ɗan ƙaramin noti a kai, ba irin na babur da mota ba. Wani dattijo mai faci a bakin hanya ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, "Yaro, wannan bakin ai ba namu ba ne, famfona ba zai kama shi ba." Na ce, "Baba, ga ɗan mahaɗinsa nan," na ciro wani ɗan ƙarfe da bai kai kan yatsa ba na ɗaura, sannan aiki ya yiwu. In ba ka da wannan ɗan ƙarfe ko famfon kanka, kana tsakiyar masu faci za ka tura keke. Taya ma haka. Za a ce maka ai mai inci 28 ce, ga ta Phoenix ko Raleigh nan ita ma 28, alhali gargaren tsofaffin kekunan nan milimita 635 ne, na keken burji kuwa 622. Ba za ta zauna ba ko an yi mata dole. Birkin nawa na mai ne, yana kamawa da yatsa ɗaya ko a gangara mai tsakuwa, amma ranar da ya sha iska ya yi laushi sai da na zagaya gari kafin na samu wanda ya yarda ya taɓa shi, shi ma mai gyaran babur ne. Da yau zan sake saye, mai birkin waya zan ɗauka. Bai kai na mai kamawa ba, amma ko a ƙauye aka tsinke za a samu waya a ɗaura.

Ƙura kuma tana cin sarƙa. Kada ka bari a zuba mata baƙin mai yadda aka saba, domin yana haɗuwa da jar ƙasa ya zama wani kwaɓi mai goge haƙoran giya. Man da ke bushewa a jikin sarƙa ya fi, a goge da tsumma bayan kowace fita.

Akwai inda keken ya ce bai iya ba. Hanyar da ke hawa kan dutsen Kagoro kanta, wadda mutanen saman suke bi da ƙafa, duwatsu ne tsibi-tsibi da matakala, ba ta keke ba ce, saɓa shi za ka yi a kafaɗa. Ko a ƙasa, inda ruwan damina ya zaizaye hanya ya bar kwazazzabo da manyan duwatsu, rashin abin shan gargada a gaba yana fitowa fili, duk bugun a wuyan hannu da kafaɗa yake ƙarewa. Yashin bakin rafi ma yana shanye taya mai milimita 40. Wanda yawancin hanyarsa irin wannan ce, keken hawan dutse ya fi masa. Da damina kuwa laka tana cushewa tsakanin taya da jikin keke har ta hana juyawa, don haka lokacinsa daga ƙarshen Oktoba ne zuwa Janairu, ƙasa ta tsane, ciyawa ba ta gama ƙonewa ba. Bayan an sa wa daji wuta, guntayen karan da suka rage suna yanka gefen taya, irin yankan da farin ruwan nan ba ya iya toshewa.

Batun tsaro ba na ɓoyewa ba ne. Hanyar da ba mota ita ce kuma hanyar da ba mai kawo maka ɗauki. Dazukan Birnin Gwari da Kamuku ban ko sa su a lissafi ba, kuma duwatsun Kajuru, duk da kusancinsu da gari da kyansu, tun harin da aka kai gidan shaƙatawa na Kajuru Castle a 2019 nake ja da baya. A Kagoro ma ba na fita ni kaɗai. Da ɗan gari nake tafiya, shi a babur ko a nasa keken, mu tambayi labarin hanya tun da safe, mu gaisa da duk wanda muka tarar a gona, mu dawo kafin la'asar.

Ga wanda ke zaune a Kaduna yana son keke ɗaya da zai je aiki da shi a kwalta, ranar Asabar kuma ya faɗa hanyar gona, wannan ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin ya koyi ƙananan gyare-gyare da hannunsa. In za ka saya a gwanjo, ka duba wajen walda ko akwai tsagewa, ka juya taya ka ga ko gargaren ya karkace, ka tabbatar akwai sarari aƙalla na taya mai milimita 45, sannan ka sayi tayoyin ajiya biyu tun a ranar, domin ba lallai ka sake ganin irinsu a kasuwa da wuri ba.